Kafin Ka Yi Ihun "Ɓarawo!"

Wata yamma cikin azumin bara, ina tsaye a layin biyan kuɗi na wani babban kanti a Kaduna, na ga wata mata mai matsakaicin shekaru ta ɗauki gwangwanin madarar jarirai ta cusa a ƙarƙashin mayafinta. Yarinyar da ke jera kaya a kanta ita ma ta gani. Na zaci ihu za ta yi. Sai ta ɗauko kwando, ta ƙarasa wurin matar cikin natsuwa, ta ce: "Mama, ga kwando ki zuba kayan, kada su yi miki nauyi." Matar ta yi jim, sannan ta fito da gwangwanin ta saka a kwandon. Ta ɗan zagaya, ta ajiye kwandon a wani lungu, ta fice. Madara ta koma mazauninta, matar ta koma gida da mutuncinta, galibin waɗanda ke cikin kantin ba su ma san an yi ba.

Ra'ayina shi ne abin da yarinyar nan ta yi ya cancanci ya zama ƙa'idar da ake koya wa duk wanda aka ɗauka aiki a kanti. Aikin ma'aikaci idan ya ga ana ɗauke kaya shi ne ya tabbatar da abin da ya gani, ya hana kayan fita ta hanya mafi sauƙi, ya sanar da na gaba da shi. Ihu da bi da gudu da duka ba sa cikin aikinsa. Masu kantuna kuma su ne ke da alhakin samar da yanayin da zai ba shi damar yin hakan.

Yana da kyau mu tuna inda matsalar ta samo asali. A shagon da muka tashi muka sani, na unguwa ko na Kantin Kwari da Sabon Gari, akwai kanta tsakanin mai saye da kaya. Kai ne za ka faɗi abin da kake so, mai shago ya miƙo maka. Tsarin da mai saye ke shiga ya ɗebi kaya da hannunsa ya yaɗu ne daga Amurka, inda Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis a 1916. Tsarin ya rage yawan ma'aikata, ya kuma ƙara ciniki, domin ido idan ya ga kaya, hannu ya taɓa, zuciya kan biya. Amma ya zo da farashinsa: kayan da aka baza a gaban kowa, wani zai ɗauka bai biya ba. Duk ɗan kasuwar da ya zaɓi wannan tsari ya zaɓi ribarsa tare da asararsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba adalci ba ne a ce yaron da ake biya abin da bai fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, wani lokacin ma bai kai ba, shi ne zai sa ransa a gaba don toshe ɓarakar da tsarin kasuwancin ya buɗe.

Dalili na farko da ya sa nake adawa da ihu shi ne ido yana kuskure. Mutum kan sa kaya a aljihu saboda hannunsa ya cika. Uwa kan fita da alewar da yaronta ya jefa a jaka ba ta sani ba. Wani ya ɗauka ya ɓoye, tsoro ya kama shi ya mayar a wata kanta, ma'aikaci bai ga mayarwar ba. A watan Maris na 1991, a birnin Los Anjeles, wata mai kanti ta harbe yarinya 'yar shekara 15 har lahira, bayan ta zarge ta da satar kwalbar lemon da bai kai dala biyu ba. Yarinyar ta sa lemon a jakarta ne, amma kuɗin biya na hannunta. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta ɗora sata ne a kan niyyar cin amana, niyya kuwa ba a ganinta a fuska. Shi ya sa masu aikin tsaron kantuna a ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari ke koya wa ma'aikata cewa kada su tare kowa sai sun ga lokacin da ya ɗauki kayan, sun ga inda ya ɓoye, idonsu bai bar kansa ba, sun kuma ga ya wuce wurin biya bai biya ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kuɓuce, abin da ke hannunka zato ne kawai.

Dalili na biyu ya fi shafar mu. A garuruwanmu kalmar "ɓarawo" ba ta tsayawa a bakin wanda ya furta ta. Da zarar ta fita ƙofar kanti ta zama mallakar 'yan acaba da masu talla da duk mai wucewa da ke ɗauke da haushin wayarsa da aka taɓa ƙwacewa. Babu wanda zai tsaya tambayar me aka sata, nawa ne kuɗinsa. A watan Oktoba na 2012, a garin Aluu na jihar Ribas, an yi wa ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal duka aka ƙone su, bayan an yi musu ihun sata. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan lamarin, amma hukuncin bai dawo da ko ɗaya daga cikin yaran ba. Magana zarar bunu ce. Ma'aikacin da ya yi ihu a kan sabulun naira dubu biyu ba shi da ikon tsayar da abin da zai biyo baya, kuma zai rayu da shi har ƙarshen ransa.

Dalili na uku shi ne lafiyar ma'aikacin kansa. Bai san abin da ke cikin aljihun wanda yake bi ba. Wanda aka ƙure kan zare wuƙa, mai gudu kan faɗa gaban mota. Wannan ne ya sa manyan kamfanonin kantuna da yawa a Amurka da Ingila suka hana ma'aikatansu bin ɓarawo, har sukan hukunta wanda ya bi. Lissafi suka yi: kuɗin kwalbar turare ba ya kama ƙafar kuɗin asibiti da shari'a da diyya.

Ga abin da ma'aikaci zai yi a aikace. Ya fara da kusantar mutumin da gaisuwa: "Alhaji, ko akwai abin da zan taimaka da shi?" Mai niyyar ɗauka ba abin da ya tsana kamar ya san an gan shi, sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya ajiye. Idan bai ajiye ba, ma'aikaci ya sanar da manaja ko mai gadi a asirce, ya riƙe kamannin mutumin da lokacin da abin ya faru, domin a duba a kyamarar tsaro. Idan ta kama a tare shi, manaja ne zai yi, a bakin ƙofa, da murya ƙasa-ƙasa: "Ina jin akwai kayan da ba a shigar a rasit ba, mu koma mu duba." A yi maganar a ofis, da shaida a wurin, mace kuma mace ce za ta kula da ita. Kada a tuɓe kowa, kada a rataya masa kayan a wuya, kada a ɗauki bidiyonsa a watsa a Facebook ko TikTok. Idan ya fizge ya gudu, a bar shi, hotonsa na nan. Kullum ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Doka ma a wannan layin take. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi kwatankwacinta, ta yarda wanda ba ɗan sanda ba ya kama mutumin da ya aikata laifi a gabansa, amma ta wajabta masa miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ta ba shi izinin duka ko kulle mutum a sito har dare, ko tilasta wa danginsa biyan ninki goma ba. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare mutuncin kowane ɗan Adam, sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. A fiƙihun Musulunci ma hukuncin sata na alƙali ne, yana da sharuɗɗa masu tsauri, kuma sananne ne cewa Halifa Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Wanda ya ɗaga gora a bakin kanti ba shi da madogara a ko wanne ɓangare.

Na san abin da masu kantuna za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. Ribar kayan masarufi ƙanƙanuwa ce. Ba duk mai ɗauka ba ne yunwa ta koro shi, ko da yake a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari. Akwai waɗanda sana'arsu ke nan, suna shigowa su uku ko huɗu, ɗaya ya ɗauke hankalin mai karɓar kuɗi, sauran su kwashi turare da man shafawa su sayar a waje. Idan suka fahimci ba a bin su, ai sun sami gona. Amsata ita ce irin waɗannan ba duka ke maganinsu ba. Abin da ke kai su gaban alƙali shi ne hujja: hoton kyamara mai kyau, rubutaccen rahoton kowane lamari da ranarsa, kaya masu tsada a bayan gilashi, da musayar bayani tsakanin kantunan unguwa ɗaya. Dukan da aka yi wa wanda ake zargi kan ɓata ƙarar, ya mayar da mai kaya wanda ake tuhuma.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wanda shi ne tushen yawancin ihun. A kantuna da dama, duk abin da ya ɓace daga albashin ma'aikata ake cirewa. Yarinyar da ta san gwangwanin madara ɗaya zai cinye kuɗin motarta na mako guda, da wuya ta tsaya tunanin mutuncin wani. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya taƙaita irin wannan yanke albashi: sai asarar ta faru ne saboda ganganci ko sakacin ma'aikacin, kuma da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Mai kantin da ke cire kuɗin kayan sata daga albashi ba tare da bin wannan ba, shi ne ya sa gora a hannun yaransa, ko da bai taɓa cewa su daki kowa ba.

Saboda haka, idan kana da kanti ko kana shugabantar ma'aikata a ciki, ka rubuta ƙa'idar a shafi ɗaya, ka karanta musu ranar da suka kama aiki: wa za a sanar, wa ke da ikon tare mutum, me aka hana, lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ka faɗa musu da bakinka cewa ba za a taɓa albashin kowa ba don ɓarawo ya tsere, kuma ka cika alkawarin. Ka sa asarar a lissafin shekara kamar yadda kake sa kuɗin dizal da na haya.

Na koma kantin nan bayan sallah, na tambayi yarinyar wa ya koya mata dabarar kwando. Ta ce babu kowa. Ta ce ta dai duba matar ne ta ga sa'ar mahaifiyarta ce.