Idan maigida ya ji rauni a wurin aiki, takardunsa amanarki ce

A wannan makon zan fara da labarin wata 'yar uwa da na yi jinyar mijinta, don har yau nakan tuna da ita.

Lokacin kakar albasa ne. Mijin ɗan dako ne daga wajen Birnin Malam, yana lodin buhuna a Aliero. Ya zame daga saman mota, ƙafarsa ta karye ƙasa da gwiwa, har fata ta tsage. Abokan aikinsa suka kai shi asibiti, aka ɗauki hoton ƙashi, aka yi masa allurai, aka wanke ciwon. Washegari dangi suka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori. Bayan kusan mako 3 aka kawo mana shi, jiki ya yi zafi, ciwon yana fitar da mugunya.

Likita ya fara tambaya. Ina hoton farko? An manta shi a motar da ta kai su. Ina katin? Yara sun yi wasa da shi. Wace allura aka yi masa? Matar ta ce, "Wallahi Malama, guda biyu ne, ɗaya a hannu ɗaya a ɗuwawu." Wane magani yake sha? Ta kwance bakin zane ta fito da ƙwayoyi kala huɗu a leda, babu kwali, babu suna.

Ba sakaci gare ta ba. Ita ke kwana a zaune, ita ke dama kunu, ita ta sayar da akuyarta aka sake ɗaukar hoton da an riga an biya kuɗinsa sau ɗaya. Babu dai wanda ya taɓa gaya mata cewa waɗannan takardun suna cikin maganin. Allah Ya taimaka ƙafar ta tsira. Amma da aka zauna da mai kayan, wanda ya yi alkawarin ɗaukar rabin kuɗin magani, sai ya ce a kawo rasit. Babu ko ɗaya. Abin da ya ga dama shi ya bayar.

'Yar uwa, mazanmu da 'ya'yanmu suna aiki inda rauni ba ya sallama: injin niƙa da na casar shinkafa, wurin walda, gini, lodi a kasuwar Jega, injin ban ruwa a fadama, kabu-kabu a kan hanyar Maiyama. Mu ma ba mu tsira ba, don bel ɗin injin markaɗe ya kama mayafi da yatsun mata da yawa. Ranar da abin ya faru, mai ciwo ba ya cikin hayyacinsa, maza suna ta kai da kawo. Wadda za ta tuna abin da aka yi jiya da shekaranjiya ke ce.

Me ya sa takardar ke da muhimmanci?

Fayil ɗin majiyyaci a asibitin da aka buɗe shi yake zama. Idan an tura ku daga Jega ko Maiyama zuwa Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, fayil ɗin ba zai bi ku ba. Likitan can bai san komai ba sai abin da kuka riƙo a hannu. In babu, daga farko zai fara: sabon hoto, sabon gwajin jini, sabon kuɗi, ga ɓata lokaci.

Akwai kuma haɗari. Wanda bai san sunan maganin da yake sha ba yana iya haɗa diclofenac na asibiti da ibuprofen na kemis da piroxicam da maƙwabci ya ba shi. Dangi ɗaya ne dukkansu, haɗa su yana ƙwaƙule ciki ya kuma wahalar da ƙoda. Haka allurar tetanus, wato rigakafin ciwon nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora. Duk raunin da ƙasa ko taki ko ƙarfe ya shiga, tambayar farko da za mu yi ita ce ko an yi ta, kuma yaushe.

Abin da za ki tanada

Ba kya buƙatar komai mai tsada. Leda mai kauri ko fayil ɗin roba irin na 'yan makaranta, littafin rubutu guda ɗaya, da wayar da kike karanta wannan rubutu da ita. A cikin ledar ki tara:

1. Katin asibiti. Lambar da ke jikinsa ita ce makullin fayil ɗin. Ki rubuta ta a littafi, ki adana ta a waya.
2. Hoton ƙashi da takardar bayaninsa. Kada a naɗe shi, kada a bar shi a rana ko inda ke da laima.
3. Sakamakon gwaje-gwaje.
4. Takardun magani da kwalayen magungunan, ko da sun ƙare.
5. Takardar tura majiyyaci wani asibiti, da takardar sallama.
6. Duk wani rasit, komai ƙanƙantarsa.

Kowace takarda ta shigo hannunki, ki ɗauke ta hoto kafin ki bar wurin. Rasit ɗin na'ura yana kwaɗewa bayan ɗan lokaci, ki wayi gari ki ga farar takarda. Hoton ƙashi kuwa, ki ɗaga shi wajen hasken taga ki ɗauka. Ki tura hotunan ga mutum ɗaya da kuka amince da shi, saboda waya na iya faɗawa ruwa ko a sace ta. Amma da izinin mai ciwon, kuma ban da zauren WhatsApp na dangi. Ciwonsa sirrinsa ne.

A shafin farko na littafin ki rubuta ranar da abin ya faru, ƙarfe nawa, a ina, wane aiki yake yi, na wane ne aikin, da mutum biyu da suka gani da idonsu. Ki rubuta tun a ranar ko washegari, don bayan wata guda kowa da yadda zai ba da labarin. Daga nan duk zuwa asibiti ki sa kwanan wata, abin da aka yi, maganin da aka ƙara ko aka tsayar, ranar komawa, da abin da aka kashe har kuɗin mota. Ki riƙa ƙirga kwanakin da bai fita aiki ba. Idan boko bai zauna miki ba, ki rubuta da ajami, ko ki sa ɗanki na makaranta, ko ki naɗi muryarki a waya.

Kada ki ji nauyin tambaya

Na san halinmu. Likita na magana muna "to, to", mu fito ba mu gane komai ba. Kafin ku bar ɗakin ki ce, "Likita, don Allah mene ne sunan ciwon? Mene ne sunan maganin, kwana nawa zai sha? Yaushe za mu dawo? Wace alama ce in mun gani mu dawo ba sai ranar ta yi ba?" In kin ga yana sauri, ki same mu ma'aikatan jinya a teburinmu, aikinmu ne.

Ba alfarma kike roƙo ba. Kundin haƙƙoƙin majiyyaci da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ba majiyyaci damar samun bayanan lafiyarsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta wa asibiti adana bayanan majiyyaci da rufa sirrinsu, ta hana a ƙi karɓar wanda ke buƙatar agajin gaggawa. Ba za a miƙa muku fayil ɗin ku tafi da shi gida ba, amma mai ciwon na iya neman a rubuta masa rahoton likita. Wasu asibitocin suna karɓar kuɗi a kan haka, shi ma ki karɓi rasit.

Batun ɗori

Duk ɗan wannan yanki ya san Aliero ta yi suna a ɗori, mutane na zuwa daga nesa. Na kuma san sau da yawa ba ke ke yanke shawarar inda za a kai shi ba. Amma ga abin da za ki tsaya a kai, ko da za a ce kin cika baki. A fara zuwa asibiti a ɗauki hoto. Karayar da fata ta tsage, ko ta wuya, ko gadon baya, ko ƙugu, ko bugun kai, ta asibiti ce kai tsaye. Kuma ko karan ɗori aka ɗaura ko simintin asibiti, in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi, ko suka mutu ba ya jin su, ko zafin ya ƙi jin magani, to ɗaurin na iya hana jini wucewa. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Awoyi kaɗan sun isa a rasa hannu ko ƙafa.

In an je wurin mai ɗori, shi ma ki rubuta ranar da abin da aka shafa ko aka sha. In kun zo asibiti ki faɗa mana gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu ma ma'aikata muna da laifi a nan, faɗanmu ne ke sa mutane ɓoyewa. Ki daure ki faɗa, don da shi likita zai san inda zai dosa.

Kada kuma a yanke magani don ciwo ya lafa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a sha shi yadda aka rubuta. Wankin ciwo, cire ɗinki da gashin ƙashi duk a je a kan lokaci. Gaɓar da aka ƙi motsawa bayan an cire siminti takan sandare, ga mutumin da ƙarfinsa ne jarinsa.

Batun diyya

Da yawa ba su san akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ba, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma ba a yarda ya cire daga albashin ma'aikaci ba. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da mai koyon sana'a, ko da yarjejeniyar ta baka ce. Ta kuma shafi haɗarin da ya faru a hanyar zuwa aiki ko dawowa gida.

Amma tana da wa'adi. A sanar da mai aikin cikin kwana 14. Shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Neman diyyar a shigar da shi cikin shekara 1. Idan mai ciwon na kwance, wani na iya sanarwa a madadinsa. Ki sa a yi a rubuce, ko da saƙon waya ne, kuma a adana shi. Idan maigidanki na aiki a kamfani, ma'aikatar gwamnati, makaranta ko wurin ɗan kwangila, ya tambayi ofishinsu tun yau ko an yi musu rajista. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaskiyar magana, yawancin masu injin niƙa da masu lodi a garuruwanmu ba su san wannan tsari ba. Maganarsu a gaban shugaban ƙungiya, sarkin kasuwa ko mai unguwa take ƙarewa. A can ma littafinki zai yi aiki. Wanda ya zo da rasit da kwanan wata da shaidu ba a ce masa ya ƙara gishiri. Kuma yana hana rigima tsakanin mutanen da gobe za su haɗu a sahu ɗaya a masallaci. Addininmu ma ya koya mana rubuta bashi da kafa shaidu, ba don rashin yarda ba, sai don a zauna lafiya.

Matar nan ta dawo bayan wasu watanni da ƙaramin ɗanta mai zazzaɓi. Tun kafin in buɗe baki ta ciro wata shuɗiyar leda daga jaka: katin yaron, katin rigakafinsa, da kwalin maganin da ta ba shi da dare. Ta ce, "Malama, na yi hankali." Maigidan ya koma aiki, sai dai yanzu lissafin buhuna yake yi, ba ɗauka ba.

Yau kafin ki kwanta, ki nemo katunan asibitin gidanki duka, na maigida, naki da na yara, ki haɗa su wuri ɗaya ki ɗauke su hoto. Wadda ta taɓa shiga irin wannan hali ta ba mu labari a ƙasa don wasu su ƙaru, amma ban da suna, ban da hoton takardar kowa. Tambayoyinku zan amsa su a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Allah Ya tsare mana masu fita nema, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.