Filin Maharba: Barewar Amurka da Adana Namanta

A filayen Jihar Wayomin ta Amurka akwai wata dabba mai kama da barewa, ana ce da ita furanhon, ko da yake masana sun ce raƙumin dawa ne danginta na kusa. Gudunta kan kai mil 55 cikin awa, ga kaifin ido, ga fili fetal babu itacen laɓewa. Saboda haka maharbi, bayan takardar izni, ba ya rabuwa da tabaron hangen nesa, da safar hannu ta fata, da matashin gwiwa, don kuwa da rarrafe cikin ƙaya ake kusantarta.

Amma babban aiki sai ta faɗi. Farautar kan kama a watan Satumba, rana na da sauran zafi, gashinta kuwa mai rami ne a ciki, yana riƙe ɗumi. Wanda ya jefa ta bayan mota da fatarta ya yi ta yawo, shi ne mai cewa namanta da ƙarni. Kamata ya yi a fitar da kayan ciki nan take, a feɗe, a kiyaye kada gashi ya taɓa tsoka, a yanka gunduwa-gunduwa cikin jakar ƙyalle, sa'an nan a sa a akwatin ƙanƙara, ana tsiyaye ruwan da ya narke.