KAFIN KA KIRA ƊAN WANI ƊAN DAUDU



Wata mummunar ɗabi'a ta shigo mana gari, kuma shirun da muke yi ne ke zuba mata taki. Yaro ya shiga situdiyo ya yi waƙar hip hop, ko yarinya ta tsaya a taron makaranta ta karanta rubutacciyar waƙa, ko matashi ya fito ya yi magana kan rashin ruwa da cushewar magudanai, kafin gari ya waye hotonsa ya zagaye wayoyin mutane. A ƙasan hoton an rubuta: ɗan daudu ne, ɗan luwaɗi ne, 'yar maɗigo ce, Turawa ke ba su kuɗi. In ka nemi shaida, sai a nuna maka askinsa, ko matsattsen wandonsa, ko wanda ya tsaya kusa da shi a hoto. Shi ke nan an gama da yaro. Uwarsa ta daina zuwa biki, ƙannensa mata su rasa manema, mai shagon da yake wa aiki ya sallame shi.

Mun san wasu za su karanta layi biyu su ce ƙungiya ta fara kare 'yan luwaɗi. To a ji da kyau. Ba mu zo halatta abin da addini ya haramta ba, kuma mu ba masu ba da fatawa ba ne. Maganarmu ita ce: wannan tambari ya zama makamin toshe bakin mawaƙa, marubuta da masu fafutuka, kuma addinin da ake fakewa da shi ya fi kowa tsanani a kan masu ɗaukar wannan makami.

A buɗe Suratun Nur, aya ta 4. Wanda ya jefi kamammen mutum da alfasha bai kawo shaidu 4 ba, bulala 80 ce a kansa, kuma shaidarsa ta faɗi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jifan mutum da luwaɗi ƙazafi ne kamar jifansa da zina. A Suratul Hujurat an umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci, an hana mu yawan zato, da binciken asirin juna, da giba. Lokacin da aka yi wa Nana A'isha ƙage, waɗanda suka yaɗa maganar aka yi wa haddi, har da sahabin da ya halarci Badar. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito: an kawo wa Manzon Allah (SAW) wani mutum mai kwaikwayon mata, ya sa lalle hannu da ƙafa. Ya sa a fitar da shi bayan gari. Da aka nemi izinin kashe shi, sai ya hana, domin an hana shi kashe masu sallah. Wannan fa mutumin da aka gani da ido ke nan. Ina ga yaron da laifinsa aski ne? Wanda ya danna ya tura hoton nan gaba, ya tambayi kansa: ina shaiduna 4? In babu, ya san a wane layi yake tsaye.

Ƙarya ta biyu da ake shayar da mu ita ce wai hip hop da intanet ne suka kawo daudu ƙasar Hausa. Dattawanmu na raye, a tambaye su. Tun kafin a san talabijin akwai 'yan daudu a Kano, Katsina, Zariya da Maraɗi. Su ke soya kaji a tashar mota, su ke tuƙa tuwon sayarwa, su ake ɗauka girkin biki, suna cikin taron bori da gidajen magajiya. Masu bincike na danganta sunan ma da Ɗan Galadima na bori. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna a Kano yana nazarin rayuwarsu da salon maganarsu, ya fitar da littafi a 2009. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fim yana kwaikwayon ɗan daudu, muka saya muka sha dariya. Shi kuwa hip hop, a 1973 ya tsiro a unguwar Bronx ta birnin Niyok. Wanda ya girme ka ba za a ce kai ka haife shi ba. Ko mutum na ƙyamar daudu, bai kamata ya yi wa tarihi ƙarya ba. Mun ci abincinsu shekara da shekaru, yau kuma muna rantsuwa cewa daga waya muka fara jin labarinsu.

Ba za mu ɓoye ba, a cikin baƙaƙen fatar Amurka akwai mawaƙa da marubuta da suka fito fili suka ce masu neman jinsinsu ne. Frank Ocean ya faɗa a 2012. Lil Nas X ya faɗa a 2019, shekarar da waƙarsa ta yi mako 19 a saman jerin waƙoƙin ƙasar. Akwai marubuci James Baldwin, akwai Audre Lorde mai rubuta waƙa. Amma a wannan fage dai akwai Musulmi irin su Yasiin Bey da Lupe Fiasco, kuma an daɗe ana sukar hip hop saboda yawan zagin 'yan luwaɗi da ke cikinsa. Kiɗa salo ne, kowa da abin da yake zubawa a ciki. Mu da muke da gambara tun kaka da kakanni, bai kamata saurin baki a kan kiɗa ya zame mana abin tsoro ba. A saurari abin da yaro ya faɗa. In batsa ce a tsawata masa, in gaskiya ce a amsa masa.

Tarihin baƙaƙen Amurka ma yana da darasin da ya dace da mu. Akwai wani mutum mai suna Bayard Rustin. Ya taɓa zuwa Nijeriya a 1952 ya gana da Nnamdi Azikiwe. Yana cikin waɗanda suka koya wa Martin Luther King dabarun gwagwarmaya ba da makami ba, kuma an san mai neman maza ne. A 1960, da King ya shirya zanga-zanga a babban taron jam'iyyar Dimokurat, wani ɗan majalisa baƙar fata, Adam Clayton Powell, ya yi barazanar zai yaɗa cewa King da Rustin na neman juna in ba a janye ba. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta yi aiki: aka janye Rustin daga kusa da King. A 1963, ana saura kwanaki a yi babban gangamin Washinton, Sanata Strom Thurmond, jigon masu wariyar launin fata, ya tashi a majalisa ya tono tsohon kamun da aka yi wa Rustin a 1953. Wannan karon dattijon tafiyar, Philip Randolph, ya tsaya ya ƙi sakin mutumin. Ranar 28 ga Agusta mutum kusan 250,000 suka hallara, Rustin ne ya tsara motoci, abinci da tsaro, a shekarar da ta biyo baya aka sa hannu a dokar da ta haramta wariya.

A lura da waɗanda suka ɗauki makamin. Powell kujerarsa yake karewa. Thurmond so yake baƙar fata ya ci gaba da shiga ta ƙofar baya. Babu wanda tarbiyya ta dama a cikinsu. King kuwa limamin coci ne, ya yi aiki da Rustin, hakan bai mayar da shi wani abu ba. Haka lokacin da aka kashe George Floyd a 2020, da yawanmu mun yaɗa taken Black Lives Matter. Mata uku suka kafa tafiyar a 2013: Alicia Garza da Patrisse Cullors ba su ɓoye cewa suna neman jinsinsu ba, ta ukun, Opal Tometi, iyayenta 'yan Nijeriya ne. Shin duk wanda ya yi Allah wadai da kisan Floyd ya zama ɗan luwaɗi? In zama a inuwa ɗaya na mayar da mutum irin abokin zamansa, da duk wanda ya taɓa sayen kaza a tasha ya shiga uku.

A gida ma mun ga yadda ake amfani da sunan tarbiyya a rufe bakin mawaƙi. A Kano, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar tace fina-finai, an ɗaure Adam A. Zango a 2007, an ɗaure Ibro a 2008. A 2009 kotu ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da "Hasbunallahu" ta su Aminu Ala da "Girgiza Kai" ta Nazir Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums. Waɗannan biyun kukan zaluncin da ake yi wa masu fasaha suka yi. Aka kama Ala, Ziriums kuma ya koma Amurka. Ba da daudu aka tuhume su ba, amma dabarar ɗaya ce: in ka kasa amsa maganar mutum, ka ɓata sunansa. Yau Ala ne ake gayyata fadoji da jami'o'i. Bambancin kawai shi ne, tambarin da ake bugawa yanzu ba ya tsayawa a gidan yari, yana iya kai mutum kabari.

Ko manyan jaridu sun zame a wannan santsi. A Yulin 2024 jaridar Daily Trust ta ba da labarin cewa Yarjejeniyar Samoa da Nijeriya ta sa wa hannu ta ƙunshi amincewa da auren jinsi. Arewa ta ɗauki zafi, aka yi huɗubobi, aka yi tsinuwa. Da hukumar sauraren ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta duba takardar, ta ce labarin ba daidai ba ne, jaridar ta ba da haƙuri. Mutum nawa suka ji ban haƙurin cikin waɗanda suka ji labarin farko? Magana zarar bunu ce. In jarida mai editoci ta faɗa wannan rami, saƙon da ba a san wanda ya fara rubuta shi ba fa?

Ƙarshen irin wannan magana sananne ne. A Janairun 2014, watan da Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, taron jama'a suka yi wa wata kotun shari'a a Bauchi ruwan duwatsu, suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai yanke hukunci ba. Sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Wanda ya jefi kotun shari'a da dutse, shari'a yake so ko jini? A Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, wani ya yi ihu cewa masu garkuwa da mutane ne, aka ƙone su. Duk mun yi kuka, mun ce ina bincike, ina kotu. Wannan tambayar ba ta canzawa don wanda ake zargi ya zama wanda ba ma so.

Mu mutanen Potiskum ba sai an ba mu labari ba. A Yulin 2013 an kashe mutum 42 a sakandaren Mamudo, akasarinsu ɗalibai. Ranar 10 ga Nuwamba 2014 bom ya tashi a taron safe na sakandaren kimiyya a cikin garin nan, yara sama da 40 suka tafi. Waɗanda suka aikata haka sun yi imani suna tsarkake al'umma ne. Sun naɗa kansu masu tuhuma, alƙalai da masu zartarwa a lokaci guda. Garin da ya binne waɗannan yara bai kamata ya sake barin wani ya yanke wa ɗan wani hukunci a bakin titi ba.

Za a ce, to in zargin gaskiya ne fa? Ko da gaskiya ne, mutumin ɗan wani ne, maƙwabcin wani ne, jininsa da dukiyarsa ba su halatta ga 'yan unguwa ba. Ba a ba ka izinin leƙa masa ɗaki ko ƙwace masa waya ba. In kana da nasiha, ka same shi a keɓe. Za a kuma ce, mu zuba ido tarbiyya ta lalace? Masu wannan tambaya su amsa mana tamu. Idan babban mutum ya lalata ƙaramin yaro ko almajiri, me ya sa nan take ake cewa a rufa asiri, a sasanta a gida? Wannan shi ne zaluncin da ya cancanci 'yan sanda da kotu, kuma nan ne bakin mutane ke mutuwa. Ƙarfinmu sai a kan yaro mai aski da ɗan daudu mai soya kaza, saboda ba su da kowa. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Saboda haka ga matsayarmu. Duk wanda ya turo mana hoton wani da irin wannan zargi, ba za mu tura gaba ba, kuma za mu tambaye shi shaidarsa a gaban jama'a. Muna roƙon masu kula da zaurukan WhatsApp su goge irin wannan saƙo, su ja kunnen mai shi. Muna roƙon limamanmu su ware huɗuba guda a kan ƙazafi, su faɗi adadin bulalar. Masu unguwanni da 'yan sintiri, in kun ga taro ya fara haɗuwa a kan mutum, ku fara tsare ransa, bincike ya biyo baya. Iyaye, kada ku kori ɗanku daga gida saboda maganar waya, titi ba ya gyara yaro. Ku kuma samari da 'yan mata masu waƙa da rubutu, ku tsabtace kalamanku, ku ci gaba da faɗar abin da ke damun gari. Kuma kada ku jefi abokin hamayyarku da wannan kalma a cikin waƙa, domin ramin mugunta gajere ake gina shi.

Yau ɗan wani ne, gobe hoton da zai zagaye gari yana iya zama na ɗanka. Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga mutuncin bayinSa, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.

Sakatare, a madadin ƙungiya
Dogo Tebo, Potiskum