Farar wuta mai cin bututun gas

1/ Jama'a, musamman 'yan injiniyanci irina, mu daina raina darasin tsatsa. A ganina shi ke raba aikin da zai daɗe da wanda zai zama asara. Ku biyo ni.

2/ Akwai iskar gas da ake kira "mai tsami", wato wadda ke ɗauke da H2S. Ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma idan ta yi yawa kisa take nan take.

3/ A can ƙarƙashin ƙasa, zafi da matsi kan sa farar wuta ta narke cikin wannan gas. Da ya hau sama, matsi ya ragu, ya huce, sai ta fito ta manne a jikin bututu da bawul. Ko iskar oksijin ce ta kutsa ciki, tana iya mayar da H2S farar wuta.

4/ A bushe ba ta cika ɓarna ba. Amma ta haɗu da ruwa, balle mai gishiri? Shi ke nan fa. Sai ta riƙa haƙa ƙananan ramuka masu zurfi a ƙarfen. Daga waje bututu lafiya lau, a ciki an kusa huda shi.

5/ Kar ku ce ai sai a sa ƙarfen da ba ya tsatsa. Shi ma idan zafi, gishiri da farar wuta suka taru masa, tsagewa yake. Shi ya sa ƙa'idar ISO 15156 take la'akari da farar wuta wajen zaɓen ƙarfe.

6/ Ku duba Kashagan a Kazakistan. An fara haƙo mai a Satumban 2013, cikin 'yan makonni aka tsaya, domin H2S ya tsattsaga bututun. Dole aka sauya su, ba a dawo aiki ba sai 2016. Shekara uku cur!

7/ Wani zai ce ƙarfe mai haɗin nikel tsada gare shi. Gaskiya ne, kuma ba ko'ina ake buƙatarsa ba: wani wurin busar da gas da zuba maganin hana tsatsa sun wadatar. Amma a auna gas ɗin tukuna, kafin a duba farashi. Araha ba ta ado.

8/ Kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. Idan irin wannan bututun ya huje, ma'aikacin da ke kusa ne zai fara shaƙa. Ɗan wani ne, wataƙila gobe ɗayanmu.