Kwamfutar Aro Da Ƙofar Da Ta Ƙi Buɗuwa

Yau ba labari na kawo muku ba, wani abu ne na gani da idona ya hana ni sakat.

Kwanakin baya na leƙa wani ɗakin karatu, na tarar da wani matashin marubuci ya haɗa gumi a gaban kwamfuta. Gajeren labari zai tura wata gasa, kuma ranar ce ta ƙarshe. Duk sanda ya nufi shafin gasar sai burauza ta tare shi da jan gargaɗi, wai hanyar ba amintacciya ba ce. Ya so ya taɓa saitin kwamfutar, ta ce sai da kalmar sirrin mai kula da ita. Na kusa da shi ya ce, "Malam, danna ka wuce kawai, kowa haka yake yi."

To jama'a, wannan shawarar ce nake jayayya da ita. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, da sa hannun wata hukuma da burauza ta yarda da ita. In burauza ta ƙi takardar, akwai dalili, kuma sanin dalilin ba ya buƙatar izinin kowa.

Fara duba agogon kwamfutar. Akwai ɗan batir kamar kwabo a cikinta mai riƙe lokaci. In ya mutu sai kwanan wata ya koma baya, takarda lafiyayya ta zama kamar ta bogi. Abin da ya samu marubucin nan ke nan, kwamfutar tana nuna 2009. A Windows kuwa baƙo ba ya iya gyara agogo.

Wani lokaci tsufa ne. A ranar 30 ga Satumba, 2021, wata babbar takardar shaida da Let's Encrypt ke dogaro da ita ta ƙare, tsofaffin na'urori da dama suka daina buɗe shafuka masu yawa. Windows XP ma tun 2014 Microsoft ta daina kula da ita. A nan sai a gwada wata burauzar idan akwai, musamman Firefox, don tana tafe da nata jerin hukumomin da ta amince da su.

Amma akwai dalili na uku mai tayar da hankali: wani ya tsaya tsakaninka da shafin. Ƙila matatar ofis ce, ƙila ɓarawo ne. A 2011 an kutsa cikin kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, aka ƙirƙiro takardar Google ta bogi, aka yi amfani da ita a kan masu Gmail a Iran. Gargaɗin da Chrome ta nuna wa wani mutum can shi ya fara tona asirin. Da ya danna ya wuce fa?

Na san wani zai ce, "Ai mai kula da kwamfutar ba ya nan, lokaci kuma na tafiya." Gaskiya ne, amma kayan aro ba ya rufe katara. Gara ka tura aikinka ta wayarka, ko ka nemi wata kwamfutar, da ka zuba kalmar sirrinka a hanyar da aka ce maka ba ta da tabbas. Wanda ya rasa gasa zai shiga ta baɗi. Wanda aka sace wa akwatin imel da rubutun shekara biyar a ciki, wa zai kai wa kuka?

Su ma masu kula da kwamfutocin jama'a ina da magana da su. Kun riƙe mabuɗi, kuma daidai ne ku riƙe, amma mabuɗi amana ce. Ku sauya batir, ku sabunta burauza, ku zauna inda za a same ku. Sakacinku ne ke koya wa mutane raina gargaɗi.

Shi dai marubucin, ma'aikacin ya dawo daga sallar La'asar ya gyara agogo cikin minti ɗaya, labari ya tafi. Allah ya ba shi sa'a, mu kuma ya tsare mu, amin.