Mu Da Jirgi Bai Zo Garinmu Ba

Ni mutumin Illela ne, garin da in ka ɗan ƙara gaba sai ka ji ka a Birnin Ƙonni. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa mana ba, Sakkwato kanta bai je ba. Ya iso Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, daga nan Turawa suka naɗe hannu. Gyaɗa da auduga suke nema, sun samu, me za su zo yi wurinmu?

Wataƙila shi ya sa abin yake min ciwo fiye da waɗanda aka haifa bakin dogo. Ina yaro Baba ya tafi da ni Ƙaura, ranar da na fara jin kukan jirgi sai da na ɓuya bayan rigarsa. Yau ka bi tsofaffin tashoshinmu ka gani: rufi ya yaye, tsatsa ta ci ƙarafa, abin da ya rage 'yan gwangwan na kwancewa da dare suna sayarwa a kan sikeli.

Wani zai ce ai kayan Nasara ne, don kwasar arzikinmu aka yi su. Gaskiya ne. To amma wa ya ɗauki ƙasa a ka? Wa ya ja ƙarfe cikin rana? Kakanninmu ne, da yawansu aikin tilas. Wanda ya bari aka sayar da ƙarfen nan, gumin kakansa ya sayar.

Kuma adanawar ba gagara ta yi ba. Ga gadar Lugga, 'yar gadar ƙafa da aka yi a Zungeru a 1904, aka kwance ta aka kawo Kaduna, aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. A Ebute Metta ta Ikko an mai da tsohon gidan ma'aikatan jirgi gidan tarihi. Me ya hana tashar Ƙaura ko ta Nguru?

Sai ku, 'yan'uwa marubuta. Kullum jarumi na sauka daga Dubai ko Landan, ba wanda ya taɓa sa Hajiya ta yi ban kwana da Alhaji a tashar Gusau. Abin da ba a rubuta ba shi ake saurin mantawa.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, a 2024 kuma aka ƙaddamar da babban titin da zai tashi daga Illela har Badagry. Muna murna, Allah Ya sa a gama lafiya. Roƙona ga hukuma ɗaya ne: kada a ga hadari a zubar da ruwan tulu. A rubuta tsofaffin tashoshin nan cikin kayan tarihi tun suna tsaye.

Allah Ya sa mu dace, amin.