Santorini: Titin dutsen da ke burge baƙi amma yake hana hukumomin Girka barci

Duk wanda jirgin ruwan fasinja ya sauke a tashar Athinios da ke tsibirin Santorini a ƙasar Girka, titi ɗaya ne zai kai shi cikin gari. Titin ya manne a jikin wani tsayayyen dutse, kwana bayan kwana, har sai mota ta hau sama da mita 200. Daga can ake hango teku shuɗi shar da fararen gidaje jere a bakin gaɓa, abin da ya sa bidiyonsa ya cika Instagram da TikTok.

Sai dai titin nan ba na masu ɗaukar hoto ba ne kaɗai. Ta nan manyan motoci ke hawa da abinci da siminti da sauran kayan da mazauna tsibirin, kimanin mutum 15,500, suke buƙata. Ta nan ne kuma motocin safa ke jigilar kaso mai yawa na baƙi fiye da miliyan uku da ke zuwa a shekara. A lokacin zafi, idan jirage biyu ko uku suka iso a tare, cunkoso kan tsayar da komai.

Dutsen kansa ba mai ƙwari ba ne. Bango ne na ramin da aman wuta ya bari kimanin shekaru 3,600 da suka wuce, kuma akasarinsa toka ce da tsakuwa da suka taru hawa-hawa, masu saurin zubewa.

An ga haɗarin ƙarara a farkon 2025, lokacin da aka yi ta samun dubban ƙananan girgizar ƙasa tsakanin Santorini da tsibirin Amorgos, mafi ƙarfinsu ta kai maki 5.3. Gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a Fabrairu, aka rufe makarantu, sama da mutum 11,000 suka bar tsibirin ta jirgin ruwa da na sama. Masana sun sanya Athinios da titinta cikin wuraren da ƙasa ka iya zaftarewa. Ma'ana, hanyar tserewar ita kanta abin tsoro ce. Ba a rasa rai ba, amma dattawan tsibirin ba su manta da girgizar 1956 ba, wadda ta kashe mutum 53.

Firaminista Kyriakos Mitsotakis ya je tsibirin, gwamnatinsa kuma ta yi alƙawarin samar da wata mafitar gaggawa ta teku. A Yulin shekarar aka fara karɓar harajin yuro 20 daga kowane fasinjan manyan jiragen yawon buɗe ido da ya sauka Santorini ko Mykonos a tsakiyar kakar baƙi, ga kuma ƙayyade masu saukar zuwa 8,000 a rana.

Matakan suna da amfani, amma ba su taɓa asalin matsalar ba. Harajin da ƙayyadewar sun shafi jiragen shaƙatawa ne, alhali jiragen fasinja da na kaya, waɗanda su ne ke cika titin kullum, suna nan yadda suke. Faɗaɗa titin kuwa sai an ƙara sassaƙe dutsen da dama zubewa yake yi, a wurin da kyansa shi ne jarin tsibirin. An shafe shekaru ana maganar gina sabuwar babbar tasha a wani ɓangare mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma har yanzu Athinios ce jirage ke tsayawa.